Masu Zuwa Hutu Da Masu Zuwa Kuza: Waiwaye Kan Tafiyar Dutse Da Ta Tsibiri

 

Duk shekara in sanyi ya kama, sai ka ga tsofaffin hotuna sun fara fitowa. Wannan ya tono wanda aka ɗauke shi a gidan zu na Jos yana ɗan aji uku na sakandare, waccan ta fito da nata na bakin ruwan Tiga, wani kuma ya samo na babansa tsaye cikin kwalekwale a Baga, da wando mai faɗin ƙafa irin na shekarun 1970. A yi dariya, a ce Allah sarki jiya ba yau ba, a wuce. Mu ma nan Saulawa muna da irin waɗannan hotuna, kuma kwanan baya mun zauna mun baje su a tabarma da niyyar mu rubuta labarin balaguron da muka yi a baya. Da muka fara tambayar manya don cike gurbin abin da muka manta, sai labarin ya kufce daga hannunmu. Ashe wuraren da muka je shaƙatawa, iyayenmu da kakanninmu sun riga mu zuwa, kuma abin da ya kai su daban ne da abin da ya kai mu.

Ƙasarmu ta Ikara da Maƙarfi da Kudan shimfiɗaɗɗiya ce, ƙasar fadamu da rake da tumatir da mazarƙwaila. Duwatsunmu 'yan tsirari ne a warwatse, teku kuwa sai a labari. Don haka ga ɗan Saulawa ko ɗan Paki ko ɗan Hunƙuyi, dutse mai sanyi da tsibiri mai yashi duk abin tafiya ne, sai an ɗaura niyya an bar gida.

Mu fara da dutse. Bahaushen da bai taɓa ɗaukar dutse wurin hutawa ba. Dutse gidan iskoki ne, ko kuma mafakar wanda aka koro. Tarihin Kano ya buɗe ne da Barbushe da Tsumburbura a gindin Dala. A Zazzau kuma duk wanda ya bi tarihin sarauta sai ya ratsa ta duwatsun Turunku da Kufena kafin ya iso birnin Zariya da muka sani. A tsakiyar ƙarni na 19 wasu malamai da suka saɓa da mahukuntan Kano, ƙarƙashin Malam Hamza na Tsakuwa, suka gudu zuwa duwatsun Ningi suka kafu a can, daga baya Ningawa suka riƙa saukowa da hari kan kudancin Kano da gabashin Zazzau. Wato ga talakan wannan yanki na wancan zamani, in an ce wani abu ya taso daga dutse, ba albishir ba ne. Ganuwa ake dubawa, a kora dabbobi ciki.

Turawan Ingila ne suka zo da ra'ayin cewa mutum ya hau dutse don ya huta, kuma daga Indiya suka ɗauko shi. A can, tun 1864 suka mai da garin Simla da ke kan duwatsun Himalaya hedikwatar mulkinsu ta lokacin zafi, duk shekara gwamnati ta kwashe takardunta ta hau sama, in zafi ya wuce ta sauko. A Afirka ta Yamma tsoron zazzaɓin cizon sauro ya ƙara musu ƙaimi. A Saliyo sun gina unguwa a kan tudu a bayan birnin Firitawun a farkon shekarun 1900, har da ɗan jirgin ƙasa mai kai su ofis ya dawo da su. Jamusawa ma a Kamaru sun mai da hedikwatarsu Buya, a gangaren babban dutsen ƙasar. A Arewacin Nijeriya wurin da ya dace da wannan buri shi ne tudun Jos, wanda tsayinsa ya haura mita 1,200 daga saman teku. Can Di'o da Razdan da likita ke zuwa gajeren hutu in zafin Sakkwato ko na Maiduguri ya gallabe su. Masu mishan suna da gidan hutunsu a Miyango. Otal ɗin Hill Station na Jos, wanda aka kafa a 1938, sunansa kaɗai ya faɗi abin da aka gina shi dominsa.

Sai dai ba sanyi ne ya fara kai Turawa kan tudun ba, kuza ce. Kuma ko kuzar ma ba su suka gano ta ba. Tun kafin zuwansu akwai Hausawa maƙera a Riruwai, ta kudancin ƙasar Kano, da suke wanke ƙasa su narka ta su fitar da ƙarfen a siffar 'yan siraran tsinkaye, fatake su kai kasuwanni. Waɗannan tsinkayen ne ma'aikatan Kamfanin Neja suka gani a hannun 'yan kasuwa suka bi sawu, har suka isa tudun a tsakanin 1902 da 1904. Kafin a jima kamfanoni sun yanke filaye, sana'ar maƙeran nan kuwa ta mutu. Da farko a ka ake ɗaukar kuzar, 'yan alaro su yi kwana da kwanaki suna gangarawa da ita har Loko a bakin Binuwai, inda ake zuba ta a jirgin ruwa.

A nan ne Zazzau ta shigo labarin kai tsaye. Bayan layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, ta tashoshin da muka sani irin su Likoro da Gimi, sai aka ja wani siririn layi daga Zariya zuwa Jos da Bukuru, aka buɗe shi daki-daki tsakanin 1912 da 1914. Faɗin dogon ƙafa biyu da rabi ne kawai, tsawonsa mil 143. Ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Kudaru da Rahama da Jingir sannan ya hau dutse. Sunansa a takardun gwamnati ƙaramin jirgin Bauci, alhali bai taɓa zuwa garin Bauci ba, dalili kuwa shi ne a lokacin tudun Jos yana cikin Lardin Bauci, sai a 1926 aka yi Lardin Filato. An rufe wannan layi a 1957. Yau yaro zai iya girma a Soba bai san jirgi ya taɓa yin kuka a bayan garinsu ba.

To, shekaru arba'in da 'yan kai da jirgin nan ya yi yana aiki, mutane iri biyu yake ɗauka zuwa wuri ɗaya. Akwai Bature da matarsa da kuku da akwatunan ƙarfe, za su je su sha iska. Akwai kuma ɗan cin rani da tabarmarsa da 'yar ƙullin garinsa, za shi neman kuɗin haraji. Da yawa ma ko kuɗin jirgin ba su da shi, ƙafa suke takawa a gefen dogo. Haraji da tsabar kuɗi ake biyansa, wanda audugarsa ko gyaɗarsa ba ta yi ba kuwa sai ya nemi inda ake biyan lada da sule. Aikin kuza na hannu ne: diga da shebur da kwano a ka, a haƙa ƙasa a ɗauka a kai wurin wanki, ƙafa cikin ruwa tun safe. Wanda ke son ya san su wane ne suka cika barikokin nan, ya dubi sunayen da suka bari a taswira: Barikin Ladi, Gindin Akwati, Dorowa, Kafi Abu, Sabon Gida. A tsakiyar ƙasar Birom ne, amma da Hausa aka raɗa musu suna. Su Birom ɗin kuma, masu ƙasar, nasu rashin ya fi na kowa daɗewa, don gonakinsu ne aka ƙwaƙule.

Lokacin da abin ya fi muni shi ne zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya, inda ake haƙo mafi yawan kuzar daular Ingila, sai ido ya dawo kan Jos. Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar aikin tilas, wanda mutanenmu suka raɗa wa suna diban gwamna. Umarni ya sauko daga Razdan zuwa En'e, daga En'e zuwa hakimi, hakimi ya yanka wa kowane dagaci adadin mazan da zai kawo. Ba sai an faɗa wa marubuci wa dagaci zai zaɓa ba: wanda ba shi da abin ba da toshiya, baƙon gari, maraya, da wanda ya taɓa ɗaga wa mai unguwa murya. Daga 1942 zuwa 1944 an ɗebi mutanen karkara da yawansu ya kai 100,000 daga lardunan Arewa, ciki har da Lardin Zazzau, ana kai su rukuni-rukuni su yi 'yan watanni a sauya wasu.

Ku dubi wannan da kyau, 'yan uwa. Sanyin da Bature ya hau jirgi ya je nema, shi ne ya kashe mutanenmu. Daren hunturu a kan tudun nan yakan sauka ƙasa da digiri 10. Mutumin da ya taso daga fadamar Kudan da 'yar taguwa ɗaya, aka zuba shi a bukkar ciyawa da aka yi a gaggauce, ya wuni cikin ruwa, abinci bai ishe shi ba, me ake jira in ba ciwon huhu da atuni ba? Ɗaruruwa sun mutu, wurin aikin madatsar Tenti ya yi ƙaurin suna wajen yawan mace-mace, wasu kuma suka gudu suka kama hanyar gida a ƙafa cikin dare. Maganar ta kai har majalisar dokokin Ingila, aka yi ta tambayoyi, daga ƙarshe aka soke dokar a 1944. A 1943 ne haƙar kuza ta kai ƙololuwarta a tarihin Nijeriya, sama da tan 17,000. Adadin tan ɗin yana nan a rubuce. Sunayen waɗanda aka binne a bayan barikoki ne ba a rubuta a inda za mu karanta ba.

Mu kuwa namu zuwan a tsakiyar shekarun 1990 ne, balaguron makaranta. An tara kuɗi, an ɗauki hayar bas, iyaye mata sun soya mana ƙuli-ƙuli da dambun nama. Muka faɗa hanyar Pambeguwa, muka wuce Saminaka, da muka bar Jingir mota ta fara hawa kunnuwanmu suka toshe, wasu suka fara salati. Ranar ce da yawanmu suka fara ganin hazo yana tafiya ƙasa da inda suke tsaye. An kai mu gidan adana kayan tarihi, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, muka ga kawunan yumɓu na Nok, waɗanda su ma a ramin kuza aka fara tono su. An kai mu gidan zu da ke maƙwabtaka da shi. Mun ga tsofaffin kawunan jirgin ƙasa a ajiye, ƙanana kamar na wasa, mun hau mun ɗauki hoto ba tare da mun san cewa irinsu ne suke tasowa daga Zariya ba. A hanyar Bukuru muka tsaya bakin wani tafki mai ruwa shuɗi, ga tudun jar ƙasa a gefensa, muka jeru aka ɗauke mu. A cikin hotunan tafiyar duka shi ya fi kyau.

Da aka wanko hotunan, ɗayanmu ya kai wa kakansa ya gani. Tsohon ya riƙe na bakin tafkin ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce wannan ba tafkin Allah ba ne, rami ne, mutane suka haƙa shi, kuma shi ma ya ɗauki ƙasa a irinsa. Ya ce su bakwai aka ɗiba daga garinsu, biyar suka dawo. Ya ambaci wani abokinsa da suka raba bargo ɗaya da shi har ranar da ya wayi gari abokin bai motsa ba. Jikan nasa yana ɗan shekara goma sha biyar a lokacin, hankalinsa yana kan ko takalminsa ya fito a hoton. Ya ce Allah sarki Kaka, ya karɓi hotonsa ya fita. Tsohon ya rasu bayan 'yan shekaru. Yau jikan malamin makaranta ne, yana rubuta gajerun labarai, kuma duk abin da ya rage masa na wannan tarihi shi ne bakwai da biyar da bargo. Ko sunan abokin bai riƙe ba.

Ba ma ganin laifin yaron, don mu ma da mu ne haka za mu yi. Kuma ba ma cewa daɗin da muka ji a tafiyar nan haramun ne. Wanda ya tashi a inda zafin bazara ke hana barci, ya je ya kwana da bargo a watan Afrilu, ya san ya ga ikon Allah. Abin da ya dame mu shi ne da muka zo rubuta labarin, duk abin da ya fito daga alƙalaminmu shi ne iska mai daɗi da duwatsu abin sha'awa, kalmomin da kowa zai iya rubutawa ko bai je ba. Ramukan kuza da suka cika da ruwa suna nan birjik a tudun Jos, suna cin dabbobi da yara har yau, mu kuma mun tsaya a bakin ɗaya mun yi murmushi.

Irin wannan balaguron ma ya ja baya. Tun rikicin Jos na Satumbar 2001 da waɗanda suka biyo baya a 2008 da 2010, iyaye da yawa suka daina sa hannu a takardar izinin tafiya. Na kusa da gida ma sun canza. Madatsar Tiga da gwamnatin Audu Baƙo ta gina a farkon shekarun 1970 tana nan, amma otal ɗin Bagauda da ake ji da shi a da ya zama reshen makarantar horon lauyoyi. Mambila da Obudu kuwa, ga mafi yawanmu, a kalanda muka san su.

Mu gangara zuwa ruwa. Hausa tana da kalmomi biyu a nan, tsibiri da gungu, kuma daga ta biyun ne aka samu sunan Gungawa, mutanen da suka zauna a tsibiran Kwara na ƙasar Yawuri, waɗanda suke kiran kansu Reshe. Manoma ne na gaske, albasarsu ta yi suna, suna nomanta a jiƙaƙƙiyar ƙasar da ruwa ke bari in ya janye, ga kuma Sarkawa masunta da ke yawo a tsakaninsu. A 1964 aka fara gina madatsar Kainji, a 1968 ruwa ya taru. Tsohon garin Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, ya nutse. Tsibirin Foge, mafi girma a yankin, ruwa ya ci mafi yawansa. An tashi mutum kimanin 44,000 aka mai da su sababbin garuruwa a kan tudu. Ɗaliban da ake kaiwa Kainji yawon buɗe ido injinan lantarki ake nuna musu, sannan a ɗan zagaya da su a jirgin ruwa. A ƙarƙashin jirgin akwai gonakin albasa da maƙabartu.

Amma tsibiran yashi na ainihi a Tafkin Cadi suke, kuma su ne mutanen yankinmu suka fi sani. Yadda aka yi su abin mamaki ne. Gefen tafkin na arewa maso gabas tuddan rairayin hamada ne da iska ta jera, ruwa ya zo ya cika kwarurrukan da ke tsakaninsu, ƙololuwar kowane tudu ta zama tsibiri. Shi ya sa yawansu ba ya tsayawa wuri ɗaya: in ruwa ya ƙaru wasu su nutse, in ya ragu sababbi su fito. Masu wurin na asali su ne Buduma, da suke kiran kansu Yedina, masu jiragen da ake ɗaurawa da ciyawar ruwa, da shanun Kuri masu kumburarrun ƙahoni da ke iyo daga wannan tsibiri zuwa wancan neman kiwo.

Baturen da ya fara zagaya waɗannan tsibirai Bajamushe ne, Adolf Overweg, abokin tafiyar Heinrich Barth. A 1851 ya shiga tafkin da wani jirgin katako da aka ratso Sahara da shi gunduwa-gunduwa a kan raƙuma. Ya rasu a bakin tafkin a 1852. Abin da ya sa muka kawo shi shi ne wani yaro Bahaushe da ya 'yanta daga bauta a Barno ya ɗauke shi aiki, wato Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram. Bayan rasuwar Overweg yaron ya bi Barth har Tambutu, ya ƙetare hamada tare da shi zuwa Ingila a 1855, a can ya zauna ya ba wani malamin mishan mai suna Schön labarin rayuwarsa da tafiye-tafiyensa da Hausa, aka buga a littafin Magana Hausa a 1885. Wato ɗaya daga cikin tsofaffin labaran tafiya da muke da su a rubuce da bakin Bahaushe, na yaron gidan matafiyi ne, mai ɗaukar kaya da jan raƙumi. Wannan ya isa ya ba mu kunya, mu da muke ganin sai wanda ya sauka a otal ne yake da labarin tafiya.

A farkon shekarun 1960 faɗin Tafkin Cadi ya kai murabba'in kilomita 25,000. Farin shekarun 1970 ya raba shi gida biyu, na 1980 ya ƙara matse shi har ya koma ƙasa da 2,000. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne janyewar ruwan nan ita ta ja mutane. Ƙasar da ruwa ya bari baƙa ce mai danshi, masara da wake suna yi ba taki ba ban-ruwa, kifi kuma ya taru a 'yan wuraren da suka rage. Farin da ya ƙone gonaki a ƙasar Hausa shi ya tura 'yan cin rani gabas. Masunta daga ƙasar Kabi da Haɗeja, manoma da 'yan tireda da masu shayi da teloli daga ko'ina, har da namu na nan. Mota zuwa Kano, wata zuwa Maiduguri, sannan kusan kilomita 200 zuwa Baga, daga nan sai kwalekwale. Bandar da ake ƙyafewa a tsibiran nan ita ake lodawa a Doron Baga a kai har kasuwannin kudu. Nan ma sunaye sun ba da shaida kamar yadda suka bayar a kan dutse: Daban Masara, Kwatan Turare, Tumbun Gini.

Da ruwa ke ja da baya mutane suna binsa, ba wanda ya ga layin iyaka a kan yashi. Haka aka wayi gari dubban 'yan Nijeriya suna zaune a Darak da ƙauyukan kewayenta, da makaranta da jami'an gwamnatin Nijeriya, alhali a taswirar da Ingila da Faransa suka bari wurin na Kamaru ne. Kotun Duniya ta yanke hukunci ranar 10 ga Oktoba, 2002. Kowa ya tuna Bakasi a wannan shari'a, kaɗan ne suka tuna cewa a Disambar 2003 an miƙa ƙauyuka sama da 30 na yankin tafkin ga Kamaru. Wasu suka zauna suka zama baƙi a gidan da suka gina, wasu suka kwaso kaya. Waɗanda suka rage a ɓangaren Nijeriya kuma rikicin Boko Haram ya ƙarasa tarwatsa su, musamman bayan harin Baga na Janairun 2015. Tsibiran da mutanenmu suka yi arziki a kai yau sunayensu a labaran yaƙi ake jin su.

Idan muka dubi littattafan tafiya da muka gada, za mu ga inda gibin yake. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Littattafai ne masu daraja, kuma duk mai son koyon yadda ake kallon baƙon wuri da idon Bahaushe ya neme su. Amma ku lura da shekarar: a 1943 ɗin da Imam ke kan teku zuwa Ingila, a ita ce ake zuba talakawan Zazzau a taragu zuwa kuza, daga tashar garin da ake shirya Gaskiya Ta Fi Kwabo. Tafiya ɗaya ta samu littafi, ɗayar ta tsaya a bakin tsofaffi. Mafi kusa da abin da muke nema shi ne labarin Baba, mutuniyar Karo ta wajen Zarewa, maƙwabtanmu, wadda Mary Smith ta zauna da ita a Giwa daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950 tana rubuta abin da take faɗa, aka buga a 1954. Baba ba ta yi karatun boko ba, ba ta je ko'ina mai nisa ba, amma don an samu mai zama ya saurare ta, yau duniya ta san yadda aka yi aure da kasuwanci da gudun hari a ƙauyukan da ke 'yan kilomitoci daga ƙofar gidanmu. Ta rasu a 1951, shekara ɗaya da 'yan watanni bayan an gama.

Lissafin mai sauƙi ne. Wanda aka ɗiba zuwa kuza yana ɗan shekara 18 a 1943, an haife shi a 1925. Wannan rukunin kusan duk sun tafi, sai dai a nemi 'ya'yansu a ji abin da suka tsinta. Amma wanda ya je Baga yana saurayi a 1975, yanzu yake cikin shekarunsa na saba'in, da hankalinsa, kuma da wuya a rasa irinsa a kowace unguwa daga Saulawa zuwa Tashar Yari.

Mun sami ɗaya, shi ne mai wandon nan na cikin hoto. Shekara goma sha ɗaya ya yi a tsibiri, da farko yana yi wa wani banda, daga baya ya buɗe teburin kansa. Ranar farko da muka kunna waya a gabansa bai ce komai ba sai yabon gwamnati da addu'ar zaman lafiya, muka dawo hannu rabbana. Rana ta biyu muka bar wayar a aljihu, muka tambaye shi abin da ake ci da safe a can. Sai ga labari: yadda sauro ke sa a ci abincin dare cikin gidan sauro tun kafin magariba, yadda ake haƙa yashi kamu biyu a samu ruwan sha, yadda bukkarsa ta farko ta wayi gari a tsakiyar ruwa shekarar da tafkin ya dawo ba zato, da yadda ya biya haraji ga jami'an ƙasashe biyu a wata guda bai kuma san a wace ƙasa yake kwana ba. Mun tambaye shi ko wurin yana da kyau. Ya yi shiru, ya ce bai taɓa dubawa ba, amma akwai wani lokaci da asuba da tsuntsaye ke tashi gaba ɗaya har su rufe gabas, yakan tsaya da wuƙar fawar kifi a hannu har su wuce. Ya ce mu dawo ranar Asabar bayan la'asar, zai aika a kira ƙaninsa, don shi ne ya riƙe sunayen waɗanda jirgi ya kife da su a shekarar da suka dawo gida.